Kundin koyon gogen Cape Breton

Lahadi, 20 Oktoba, 2024

Jiya aka rufe bikin Celtic Colours, wanda ake yi duk watan Oktoba tun 1997, kwana tara ana kiɗa a coci-coci da zaurukan ƙauyuka ko'ina a tsibirin Cape Breton, a gabashin Kanada. Shekarata biyu ke nan a garin Sydney, karatu da rana, aikin kula da tsofaffi da dare, ban taɓa leƙawa ba sai bana da wata abokiyar aiki ta ba ni tikitin mijinta. Manyan makaɗa sun zo daga Sikotlan da Ailan, sun kuma yi abin yabo. Amma wanda ya hana ni barci wani dattijo ne da ya zauna a kujerar katako, ya ɗora gogen Turawa mai tsirkiya huɗu a kafaɗa, yana kaɗawa yana dukan ƙasa da ƙafa biyu. Can sai wata yarinya da ba ta wuce shekara goma ba ta taso daga cikin jama'a, ta tsaya gabansa tsaye ƙyam, hannuwa a sake a gefe, daga gwiwa zuwa sama ba abin da ke motsi. Ƙafafunta kawai ke magana da katakon. Duk abin da bakansa ya faɗa, dugaduganta sun maimaita.

Na girma ina jin goge daga nesa, a kaset ɗin Garba Liyo da direbobi ke sawa a tasha, ban taɓa riƙe shi ba. Yau na yanke shawara, na kuma buɗe wannan kundi don kada in yi wa kaina ƙarya. Burina kafin bikin baɗi shi ne in kaɗa sitirasfe ɗaya da ril biyu a jere, wato salon kiɗan rawa biyu da ake taka wa a nan, har mai rawa ya tashi dominsu ba tare da an roƙe shi ba. Mutanen nan da wannan suke auna makaɗi.

Asabar, 9 Nuwamba

Na sayi goge na hannu, da baka da ɗan dunƙulen ƙaro da ake goga wa tsagiya don ta kama tsirkiya. Tsagiyar nan gashin wutsiyar doki ce, daidai da tamu. Malamina tsohon ma'aikacin haƙar kwal ne, haifaffen gundumar Inverness a yammacin tsibirin, inda kiɗan ya fi ƙarfi. Shekarunsa sun haura saba'in. A nan zan riƙa kiransa Malam.

Na je gidansa da zumuɗi, na buɗe akwati. Ya ce in rufe. Ya zuba mini shayi baƙi ƙirin mai kauri, ya turo farantin biskit ɗin alkamar doki da matarsa ta gasa, ya ɗauko nasa gogen ya kaɗa waƙa ɗaya sau shida. Sannan ya ce, "To ɗana, rera mini ita da baki." Na kasa wuce rabi. Ya ce wanda bakinsa bai riƙe kiɗa ba, yatsunsa ba za su riƙe ba, kuma shi daga bakin kakarsa ya fara ɗauka tun bai taɓa goge ba. Kakar tasa Gelik take ji, harshen da kakanninsu suka zo da shi daga tsaunukan Sikotlan da tsibiranta a farkon ƙarni na 19, lokacin da masu ƙasa ke korar talakawa daga gonaki don su zuba tumaki. Idan babu makaɗi a gida, ita ce take rera kiɗan da baki yara su taka.

Aikin gida: sauraro minti talatin kullum, da jan baka a kan tsirkiya ba tare da danna komai ba.

Asabar, 30 Nuwamba

Mako uku. Wuya da kafaɗar hagu suna ciwo, yatsa manuniya ta fara kanta. Na sayi ɗan robar da ake maƙala wa gadar goge don rage ƙara, saboda maƙwabcina na aikin dare. Na iya maci ɗaya a hankali. Malam ya ce sautin ya fara tsabta, amma ƙafata a mace take. Dole in zauna a bakin kujera in riƙa dukan ƙasa da diddige, ko da hannu zai rikice.

Asabar, 21 Disamba

Ƙanwata ta nuna wa Kawu ɗan bidiyon da na tura mata, shi kuwa ya kira ni da kansa, abin da bai saba yi ba. Bayan gaisuwa ya ce, "Kai ɗan nan, karatu aka tura ka ko goge?" Na ce, "Kawu, karatu na nan lafiya lau, sakamako ma zan turo muku ku gani. Wannan a gidan wani dattijo nake koya, da shayi kawai." Ya yi shiru, sannan ya ce in dai kula da sallata, in kuma tuna gidan da na fito.

Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. A wajenmu da an ce goge, abin da ke zuwa zuciya shi ne bori da gidajen rawa na bayan gari, kuma Kawu ya ga mutanen da wannan hanya ta cinye. Na ba Malam labarin, ina tsammanin zai yi mamaki. Ya ce ai su ma sun sha wannan. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 akwai limamin cocin Katolika a Mabou, Fada Kenneth MacDonald, da ya bi gida-gida yana karɓe goge yana lalatawa, don a ganinsa kiɗan ne ke jawo shaye-shaye da faɗa. Tsofaffi na ba da labarin cewa gidan da ke da biyu sai ya miƙa maras kyau ya ɓoye na kirki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda lamarin ya juya. A farkon shekarun 1970 gidan talabijin na CBC ya nuna wani shiri da ke cewa makaɗin gogen Cape Breton yana gab da ɓacewa, matasa sun koma gita da kiɗan zamani. Abin ya yi wa mutane ciwo. Suka kafa kwamiti, suka bi ƙauyuka suna zaƙulo duk wanda ke da goge a ƙarƙashin gado, kuma a watan Yuli na 1973 makaɗa sama da 130 suka hau dandamali ɗaya a Glendale. Wanda ya tsaya gabansu yana jagoranta limamin coci ne, Fada John Angus Rankin. Daga nan ƙungiyar makaɗan gogen tsibirin ta samo asali, tana nan har yau. Kiɗan bai canza ba tsakanin limamin farko da na biyu. Wurin da ake yin sa ne ya samu mutunci: zauren unguwa, da fitila a kunne, kaka na zaune jika na rawa. Na daɗe ina tunanin makaɗan goge da kukuma na gida, waɗanda gwanintarsu ba ta gaza ta kowa ba, amma da yawansu ba su samu irin wannan zaure ba.

Asabar, 18 Janairu, 2025

Malam ya ce ba zai ci gaba da ni ba sai na shiga ajin rawa. Na ce ni kiɗa na zo koya. Ya ce duk makaɗin da ya sani mai daɗin hannu yana iya taka ko da ɗan kaɗan ne, don sai ka san abin da ƙafa ke jira kafin ka ba ta. Na yi rajista a wani aji na yammacin Laraba a ɗakin ƙasa na wani zauren unguwa. Mu goma sha ɗaya ne, yawanci yara da uwayensu. Rawar ɗaiɗai ce, kowa a wurinsa, ba mai taɓa wani, wannan ya sauƙaƙa mini.

Malamar ta fara da tsayuwa. Baya a miƙe, ido gaba, hannu a sake kamar wadda ta ɗauko tulu ba gammo. Nauyi a kan ƙwallon ƙafa. Ƙafa ba ta tashi sama da faɗin yatsu biyu ko uku daga ƙasa, kuma yabon da ya fi kowane girma a nan shi ne a ce rawar mutum tana kusa da daɓe. Wanda ya saba ganin rawar Ailan a talabijin, da tsalle da harba ƙafa sama, zai ga wannan kamar ba a komai, sai ya kasa kunne. Takalmi mai tafin fata ake so, ba ƙarfe a ƙasansa, don sautin ya fito a tausashe. Takun farko da ta ba mu: ɗan tsalle a ƙafar hagu wanda da ƙyar za a kira shi tsalle, dama ta shafi katako gaba ta dawo baya, a sauke ta, a juya wa ɗaya ƙafar. Duk abin da ka yi da dama sai ka biya shi da hagu. Hagu ta ba ni wuya ƙwarai.

A daren na gane abin da Malam ke nufi. Sitirasfe kiɗa ne mai bugu huɗu, cike da wani ɗan tsinke inda gajeren sauti ke riga dogo fita, kamar mutum ya yi tuntuɓe ya cafe kansa. Wata biyu ina jin wannan tsinken a matsayin ado. Da na tsaya a kan katako sai na ji ashe a daidai nan ne diddige ke sauka. In makaɗi ya tausasa shi, mai rawa ya rasa inda zai taka.

Asabar, 8 Fabrairu

Sanyi da na'urar ɗumama ɗaki sun busar da iska kamar tsakiyar hunturu a Katsina. Da safe na buɗe akwati na tarar kunnuwa biyu na ɗaure tsirkiya sun saki, tsirkiyoyi sun kwanta. Mai gyara ya ce katako ne ya tsuke, ya ba ni ɗan bututu mai soso da ake jiƙawa a sa cikin akwati. Kwana biyar ban yi atisaye ba. Dusar ƙanƙara ta hana ajin Laraba.

Lahadi, 23 Maris

Azumi. Na ajiye goge da rawa duka tun farkon wata, na gaya wa Malam dalili, ya ce su ma a da ba a rawa a lokacin azuminsu na kafin Ista.

Wani abu ya faru a wurin aiki da nake so in rubuta kafin ya dushe. Akwai wata tsohuwa da ta haura casa'in, mantuwa ta ci ƙarfinta, 'ya'yanta ma ba kullum take gane su ba. Wajen ƙarfe uku na dare, ina gyara mata bargo kafin in je sahur, ban san ina rera sitirasfen da Malam ya ba ni a ƙasan maƙoshi ba. Sai na ga bargon yana motsi daga ƙasa. Ƙafafunta ne. Diddige, yatsu, diddige, daidai kan bugu. Ta buɗe ido ta karɓe waƙar da kalmomin Gelik, da sauri fiye da yadda nake yi, ta kuma ɗaga yatsa tana nuna mini in ƙara wuta. Da na ƙara sai ta gyaɗa kai. Minti biyu, ta koma barci. Na fita baranda na tsaya, idona ya cika.

Gyaran da ta yi mini gaskiya ne. A Sikotlan ta yau an fi jan sitirasfe a hankali, da nauyi, a nan kuwa da gudu ake yin sa saboda masu taku.

Asabar, 26 Afrilu

Na koma aiki tun bayan sallah. Wannan watan duka a kan abu ɗaya ya tafi, wanda Malam ke kira yanka: sauti ɗaya a sare shi gida uku cikin ƙiftawar ido, ƙasa, sama, ƙasa, da wuyan hannu kawai. Masana na cewa kwaikwayon adon algaitar Sikotlan mai jaka ne. Idan na yi da dukan hannu sai ya fito kamar ana tsaga ƙyalle. Malam ya kama gwiwar hannuna ya riƙe gam, ya ce in yarfa kamar mai yarfe ruwa daga yatsu. Cikin goma yanzu uku suna fita.

Mun yi ɗan saɓani a kan takarda. Na samo littafin waƙoƙi da rubutun kiɗa, na ce zai rage mini wahala. Bai hana ba. Ya ce makaɗan nan da yawa suna karatu, suna kuma girmama tsofaffin littattafan Sikotlan na zamanin Niel Gow, wanda ya rasu a 1807, kuma abin kunya ne ka canza waƙa daga yadda mai ita ya tsara. Amma ya sa ni in kalli takardar ina sauraron Buddy MacMaster yana kaɗa waƙar. Rabin abin da ke fita daga gogen babu shi a rubuce: inda yake danna baka, inda yake haɗa tsirkiya biyu su yi amo tare, inda yake ɗan ɗaga sauti sama da inda fiyano ke ajiye shi. Kamar allo ne da kira'a, wanda ya tsaya a allo bai ji daɗin karatu ba.

Buddy mutumin Judique ne, an haife shi a 1924 ya rasu a 2014. Shekara arba'in da wani abu yana aikin jirgin ƙasa, yana atisaye a tasha tsakanin wucewar jirage, da dare kuma ya tafi kaɗa wa masu rawa. Natalie MacMaster da duniya ta sani 'yar ɗan'uwansa ce. Na lura duk wanda na tambaya game da shi, da maganar lokacinsa yake farawa, wato bugunsa ba ya gaba ba ya baya.

Asabar, 7 Yuni

Gwajin farko, kuma bai yi ba. Malam ya kira jikarsa, 'yar shekara goma sha shida, ta zo kicin da takalmanta. Aka naɗe shimfiɗa. Na shiga sitirasfe lafiya, ta taka zagaye ɗaya. Da na juya zuwa ril, inda ake so kiɗa ya buɗe kamar an saki ruwa, sai tsoro ya kama ni na fara gudu. Ta bi ni iya ƙoƙarinta, sannan ta tsaya ta yi murmushi ta ce ba komai. Malam bai ce uffan ba sai da ta fita. Ya ce, "Ɗana, yatsunka kake kallo. Ita za ka kalla. Ita ce mai kiɗan, kai rakiya kake yi."

Na ɗauki sautin a waya na saurara a mota. Na fara ril ɗin daidai, kafin ƙarshe na ƙara sauri sosai, kuma diddigena ya daina bugu tun a tsakiya. Daga yau atisaye da madubi a ƙasa, jingine da bango, ina kallon ƙafata.

Juma'a, 18 Yuli

Daren jiya mun yi tafiyar awa biyu zuwa gundumar Inverness, ni da Malam da matarsa. Da rani kusan kowane dare akwai ƙauyen da ke da rawa: West Mabou, Brook Village, Glencoe Mills inda Buddy ya shafe shekaru yana kaɗawa. Zauren da muka je na katako ne, a ƙarshen hanyar tsakuwa cikin daji, rawar iyali ce ba a sayar da giya. Makaɗi ɗaya, mai fiyano ɗaya, shi ke nan. Fiyanon nan ba rakiya kawai yake ba, hannun hagu na yawo sama da ƙasa kamar mai kalangu yana amsa wa mawaƙi.

Rawar taro kashi uku ce, biyu na farko da wani salon kiɗa da ake kira jig, na uku da ril, maza da mata a da'ira suna riƙe hannu. Wannan tsari daga baya ya shigo, wajen farkon ƙarni na 20, ta hannun 'yan ƙwadagon da ke zuwa Boston suna dawowa. Ni ban shiga ba, na zauna kusa da dandamali inda nake ganin ƙafar makaɗi, ba kuma wanda ya matsa mini. Abin da ya burge ni shi ne a cikin da'irar ma kowa na zuba takunsa, har daɓen ya zama ganga ɗaya babba, ana jin sa a ƙirji.

Wajen sha ɗaya da rabi makaɗin ya shiga sitirasfe. Nan take fili ya buɗe, mutane suka ja baya suka yi zobe. Ba sanarwa, ba kiran suna. Wani saurayi ya fito ya yi nasa, ya koma. Wata mai goyo ta miƙa jaririnta ta fito. Sannan wani tsoho da sanda, ya ba na kusa da shi sandar, ya yi taku huɗu ko biyar ƙanana masu tsabta, zauren ya ɗauki ihu. Makaɗin bai ɗaga ido daga ƙafafunsu ba, kuma duk wanda ya fito sai ya sauya masa waƙa. Matar Malam tana raɗa mini, wannan takun gidan su wane ne, wancan na mutanen wani kwari ne, tana gane dangin mutum daga ƙafarsa kamar yadda ake gane zane a fuska.

A hanyar dawowa Malam ya ce irin wannan taku ya kusa ɓacewa a Sikotlan kanta, har sai da 'yan Cape Breton irin su Mary Janet MacDonald da Willie Fraser suka riƙa ƙetare teku suna koyarwa, musamman a makarantar rani ta Ceòlas da aka fara a tsibirin South Uist a 1996. Akwai masu cewa rawar ta ɗebo daga 'yan Ailan da suka zauna a nan, ana ta muhawara. Shi Malam bai damu da wannan ba. Ya ce Faransawan Chéticamp suna da nasu hannun, 'yan asalin ƙasar Mi'kmaq ma sun fitar da Lee Cremo na Eskasoni wanda ya ci gasa iri-iri, kuma duk na tsibirin ne.

Asabar, 16 Agusta

Shugabar wurin aikinmu ta yarda in kawo goge ranar Laraba da la'asar, a ɗakin shan shayi. Mutum tara a keken guragu da kujeru, da ma'aikata biyu. Tsohuwar nan tana gaba. Na zauna a bakin kujera, na kafa ido a kan silifas ɗinta, na bar ta ta ba ni lokaci. Sitirasfe ya tafi. Na juya zuwa ril na farko, ban gudu ba. Ana cikin haka sai ɗaya daga cikin masu shara, mace mai kimanin shekara hamsin da ban taɓa jin ta yi maganar rawa ba, ta jingine tsintsiyarta ta zo tsakiya ta taka har ƙarshen waƙar. A ril na biyu yatsuna suka harɗe a juyi na biyu, wato kashi na biyu na waƙar, na tsaya. Ta ce in sake daga farko, tana jira.

Na gaya wa Malam a waya. Ya ce rabi ke nan, tunda ban kai ƙarshe ba, kuma takalmin roba ta sa, ba a ji ta da kyau ba.

Saura mako takwas bikin ya zagayo. Juyi na biyu na ril ɗin ƙarshe yana buƙatar ƙaramin yatsa a tsirkiyar sama, shi zan sa gaba a wannan makon, sau ashirin kullum a hankali kafin in ƙara sauri. Yanka yana fita shida cikin goma. Tsagiyar baka ta fara zubewa, na kai wa mai gyara, sai Talata zan karɓo. Jikar Malam ta ce za ta sake zuwa kicin ranar 30 ga wata. Ƙanwata kuma ta rubuto cewa Kawu ya ce a tambaye ni ko gogen nasu ma da fatar guza ake rufe shi, na ɗauki hoton gaba da baya na tura a nuna masa katako ne duka.